Koyar da Wutar Hasken Rana a Kwaleji da Lise: Irin Horon da Malami Yake Bukata

Idan kuka shiga kasuwar Maraɗi a yau, za ku ga farantan hasken rana a jingine a ƙofar shaguna, manya da ƙanana, kamar yadda ake jingine kwanon rufi. Wasu suna kiran su pano, wasu suna cewa sola. Mai cajin wayar salula yana da nasa, mai sayar da ruwan sanyi yana da nasa, haka ma masallatai da ɗakunan shan magani na ƙauyuka. Sayen faranti ya yi sauƙi, domin farashinsa a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin shekarar 2010 da 2020. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da ya iya auna wutar, wanda zai gane inda ciwo yake ranar da fitila ta ƙi kamawa.

An shirya wannan bayani domin ku, iyaye da yayye masu koyon karatu da rubutu, waɗanda kuke da ƴaƴa ko ƙanne a kwaleji ko lise. Zai nuna muku abin da ya kamata malamin kimiyya ya iya da hannunsa kafin ya koya wa yara aikin sola, da wuraren da zai iya samun wannan horo a jihar Maraɗi, da kuma abin da ku kanku za ku iya nema a taron iyaye.

Me ya sa maganar ta shafe ku?

A ƙasar Nijar, bisa ƙididdigar shekarar 2022, kimanin mutum ɗaya ne cikin biyar yake samun wutar lantarki, kuma a karkara abin bai kai haka ba. Shekaru da yawa, mafi yawan wutar da kamfanin NIGELEC yake rabawa daga Najeriya ake sayo ta. Ta yankin Maraɗi tana zuwa ne a kan layin da ya taso daga Katsina ya biyo ta Gazawa. A watan Agusta na 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wannan wuta, ba ta maido da ita ba sai a watan Maris na 2024. Duk wanda ya zauna Maraɗi a waɗannan watanni ya san abin da mai walda da mai niƙa da mai ƙanƙara suka gani. Mutane da yawa a lokacin ne suka sayi farantinsu na farko.

Gwamnati ta gina manyan tashoshin hasken rana: ta Malbaza a jihar Tawa a 2018, mai ƙarfin megawat 7, da ta Goru Banda kusa da Yamai a 2023, mai megawat 30. Waɗannan suna da injiniyoyinsu. Amma ƙaramin farantin da ke kan rufin gidanku ba shi da injiniya. Idan ya lalace, ko dai a kira mai gyara daga birni a biya kuɗin mota da na aiki, ko a bar shi ya zama inuwar kaji. Sau da yawa kuwa abin da ya lalace ɗan ƙarami ne: waya ta kwance, ko ƙura ta rufe gilashi, ko an tsotse batir har ya mutu. Yaron da ya yi shekara huɗu a kwaleji ya isa ya gane waɗannan, in har an koya masa.

Wani ɗan Tasawa da ya riga mu gani

Wannan tunani yana da tushe a jiharmu. Farfesa Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa tun 1992, an haife shi a Tasawa a 1929. Masanin fizik ne, kuma kafin ya shahara ya yi shekaru yana koyarwa a makarantun sakandare a Dakar da Konakiri da Yamai. Daga 1969 zuwa 1985 ya shugabanci ONERSOL, hukumar da Nijar ta kafa a 1965 domin binciken makamashin rana. A can aka riƙa ƙera tukwanen dumama ruwa da murhun girki da na'urar tace ruwa, duka da zafin rana. A 1964 ya wallafa littafi a kan ilimi a Afirka, inda ya soki karatun da Turawan mulkin mallaka suka bari, ya nemi a koyar da yara da harsunansu, a kuma haɗa makaranta da aikin da jama'a suke rayuwa da shi. Ya rasu ranar 7 ga Afrilu, 1991.

Akwai kuma abin da mutane kaɗan suka sani. A 1968, lokacin da ƙasashe da yawa ba su san farantin sola ba sai a jikin tauraron ɗan'adam, an haɗa akwatin talabijin na wata makarantar firamare kusa da Yamai da faranti, domin yara su kalli darasi. Ke nan makarantar Nijar ta daɗe da sanin sola a kan rufinta. Abin da ya rage shi ne a sauko da ita cikin aji, a sa ta a hannun ɗalibi.

Sani a allo da sani a hannu

Darasin lantarki yana cikin karatun fizik na kwaleji da lise. Malami yana zana batir da waya da ƙwan fitila da alli, yara su kwafa, su haddace, su amsa a jarrabawar BEPC. Makarantu da yawa ba su da ɗakin gwaji, kuma malamai da yawa, musamman ƴan kwantaragi, su ma a allo suka koya. Ba laifinsu ba ne. Amma malamin da bai taɓa feɗe waya ba zai ji tsoron buɗe akwatin kayan aiki a gaban yara 70. Yana tsoron kada abin ya ƙi aiki su yi masa dariya, yana tsoron kada ya ƙone kayan a ce ya biya. Saboda haka sai akwatin ya zauna a kulle cikin ofishin darakta, har batir ɗinsa ya mutu ba tare da ya haska ko sau ɗaya ba.

Shi ya sa ake fara horar da malami kafin a kawo kaya. Kuma horon da ake nufi shi ne wanda malami zai yini a tsakar rana da filaya a hannu. Taron da ake zama cikin ɗaki mai sanyi ana kallon hotuna a bango, a karɓi kuɗin zama a watse, ba ya haifar da malamin da ya iya haɗa waya. A ganinmu, in kuɗi bai isa a yi duka biyun ba, gara a rage ruwan lemo da takardun shaida, a ƙara ma'aunin wuta.

Kalmomi uku da ma'auni ɗaya

Abu na farko da malami zai riƙe shi ne ma'aunin wuta, ɗan akwati mai wayoyi biyu, ja da baƙa, wanda masu gyaran rediyo suke amfani da shi. Da shi ake karanta abubuwa biyu, a lissafa na uku. Ku dubi tankin ruwa da ke kan ƙarfe a unguwarku. Tsawonsa daga ƙasa shi ne yake ba ruwa ƙarfin turi. A lantarki wannan turi sunansa bolt. Yawan ruwan da yake bi ta bututu kuma, a lantarki sunansa amper. Idan aka ninka bolt da amper, sai a sami wat, wato ƙarfin aikin da wutar za ta iya yi.

A bayan kowane faranti akwai takarda da aka manna. A ƙaramin faranti mai wat 50, za ku ga an rubuta kimanin bolt 18 da amper 2.8, domin 18 sau 2.8 ya ba da 50. Idan aka fitar da shi rana ba a haɗa shi da komai ba, ma'auni zai nuna wajen bolt 21 ko 22. Malamin da aka horar ya san yadda zai gwada abin da takarda ta faɗa da abin da ma'auni ya nuna. Wannan darasi kaɗai yana iya tsirar da kuɗin magidanci, domin a kasuwa akwai farantan da takardarsu ta fi ƙarfinsu baki. Zai kuma koyi wani bambanci mai hatsari: ana iya auna amper na ƙaramin faranti kai tsaye da ma'auni, amma duk wanda ya gwada haka a kan batir zai ƙone ma'aunin, wataƙila har da yatsunsa.

Ba a bukatar malami ya zurfafa cikin yadda haske yake komawa wuta. Ya isa ya faɗa wa yara cewa ƙananan murabba'an da ke cikin gilashi an yi su ne da silikon, wanda ake tacewa daga yashi, kuma haske ne yake motsa wutar da ke cikinsu. Wani Bafaranshe mai suna Bekerel ya fara lura da abin a 1839, aka ƙera faranti mai amfani na farko a Amurka a 1954.

Rana ta Maraɗi ita ce ɗakin gwaji

Nan ne horon ya fi daɗi, domin kayan gwajin suna sama, kyauta.

Malami zai fara da tambayar inda faranti zai fuskanta. Maraɗi da Tibiri da Jiratawa suna arewa da tsakiyar duniya da kimanin digiri 13 da rabi. Saboda haka a mafi yawan watannin shekara, rana tana ratsawa ta kudu da kanmu, kuma kudu ya kamata faranti ya kalla, a karkace da kimanin digiri 15. Idan faranti yana da tsawon mita ɗaya, a ɗaga gefensa na arewa da santimita 25, wato taƙi ɗaya da ƴan yatsu. Ba sai da na'ura ake gane kudu ba. A kafa sanda a tsaye a filin makaranta lokacin hunturu, yara su riƙa sa alama a ƙarshen inuwarta. Inuwar da ta fi gajarta, wadda take zuwa wajen ƙarfe 12 da rabi, arewa take nunawa. Sau biyu a shekara kuma, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana tana tsayawa daidai bisa kai, inuwar sandar ta ɓace. Tsakanin waɗannan ranaku biyu rana tana ɗan komawa arewa. Ɗalibin da ya ga inuwa ta ɓace da idonsa ba zai manta darasin ba.

Sai maganar zafi, wadda take ba mutane mamaki. Yawancinmu muna tsammanin rana mai ƙuna ita ce mai ba da wuta. Faranti haske yake so, zafi kuwa rage masa ƙarfi yake yi. Ƙarfin da aka rubuta a bayansa an auna shi ne a zafin digiri 25. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin iska yake haura digiri 40, jikin faranti yana iya kaiwa 60 ko 65, sai ya rasa kusan kashi 15 cikin 100 na ƙarfinsa. Malami zai nuna haka da ma'auni: a karanta bolt da zarar an fito da faranti daga inuwa, a sake karantawa bayan rabin awa, a ga lambar ta sauka. Daga nan yara da kansu za su gane dalilin da ya sa ba a shimfiɗa faranti kai tsaye a kan kwanon rufi, ake barin sarari a ƙarƙashinsa domin iska ta ratsa.

Ƙura ita ce babbar abokiyar gabar faranti a ƙasarmu. Daga Nuwamba zuwa Maris, hazo yana rage hasken da ke saukowa, ƙurar kuma tana kwanciya a kan gilashi. Gwajin mai sauƙi ne: a bar faranti mako biyu ba a taɓa shi ba, a auna amper, a goge, a sake aunawa. Ana gogewa da tsumma mai laushi da ruwa mai tsabta, da safe ko da maraice lokacin da gilashin ya huce, ba da rana tsaka ba.

Gwajin inuwa ya fi kowanne sa yara ihu. Murabba'an da ke cikin faranti a jere aka ɗaura su, kamar awaki a igiya ɗaya. In ɗaya ta tsaya, sauran sun tsaya. Ɗalibi zai rufe murabba'i ɗaya kacal da littafinsa, sai amper ta faɗi warwas, wani lokaci fiye da rabi. Reshen dogon yaro ɗaya, ko kashin tattabara, ko igiyar shanya, sun isa su yi wannan ɓarna a gida.

Batir, inda kuɗi yake mutuwa

Faranti mai kyau yana iya yin shekara 20 ko fiye. Batir kuwa, in ba a kula da shi ba, ba zai ga damina biyu ba, kuma shi ne ake sake saye da kuɗi mai yawa. Saboda haka horon da bai daɗe a kan batir ba bai cika ba.

Batir mai dalma da ruwan asid, na bolt 12, idan ya cika kuma ya huta, ma'auni yana nuna wajen 12.6 ko 12.7. Idan ya sauka zuwa wajen 12.1, an sha rabinsa, nan ya kamata a tsaya. Tsotse shi har ƙasa kowane dare shi ne yake kashe shi. Batirin mota ya fi saurin mutuwa a wannan aiki, domin an yi shi ne don tayar da inji na ɗan lokaci. Zafi ma yana cin rayuwarsa, don haka ake ajiye shi a inuwa, inda iska take shiga. In ruwansa ya ragu, ruwan batir da aka tace ake ƙarawa, ban da ruwan rijiya ko na famfo. Yanzu akwai batirin litiyom a kasuwa. Ya fi tsada, ya fi daɗewa, ba a ƙara masa ruwa, amma yana bukatar na'urar caji da ta dace da shi.

Tsakanin faranti da batir akwai ɗan akwati da ake kira regilater. Aikinsa gadi: yana hana caji ya wuce kima, yana kuma yanke fitila in batir ya yi ƙasa. Mutane da yawa, in ya yanke musu wuta ana tsakiyar kallo, sai su tsallake shi su haɗa waya kai tsaye. Kamar mutum ne ya kori mai gadi don ya hana shi cin irin shuka. Malami zai koyi tsarin haɗawa har ya zama jiki: batir ake fara haɗawa da regilater, sannan faranti, sannan fitilu. Wajen kwancewa, a bi ta baya. A sa fis kusa da batir, a yi amfani da waya mai kauri gwargwadon nisa.

Lissafin da ɗanku zai iya yi muku

Ga misalin aikin da malami zai ba ɗalibai su yi a kan gidajensu. A ce gida yana da fitilu 3, kowace wat 5, suna ci awa 4 a dare: 3 sau 5 sau 4 ya zama 60. Wayoyin salula 2, kowace tana shan kimanin 10: ya zama 20. Fanka ɗaya mai wat 15, awa 6: ya zama 90. Jimilla 170 a yini. A yankinmu ana lissafa awa 5 na cikakken haske a rana, don a bar wa hazo da hadari rabonsu. Faranti mai wat 50 sau 5 ya ba da 250. A cire kashi ɗaya cikin uku saboda zafi da ƙura da abin da ke ɓacewa a waya da batir, saura wajen 170. Ke nan wat 50 ya isa da ƙyar. Mai hankali zai sayi na 80. Idan daga baya aka ƙara talabijin ba a ƙara faranti ba, batir ne zai biya bashin.

Jiratawa: darasin ruwa

Kudu da Maraɗi, a kwarin Gulbi, akwai filin noman rani na Jiratawa mai faɗin fiye da hekta 500, wanda manoma suke gudanarwa da ƙungiyoyinsu tare da hukumar ONAHA tun shekarun 1980. Ruwansa daga rijiyoyin burtsatse ake ɗago shi da famfunan lantarki, kuma da shi ake noman zogalen da ya yi suna har wajen jihar. Ɗan Jiratawa ya tashi yana jin maganar kuɗin wuta da kuɗin mai a bakin mahaifinsa, don haka malaminsa ba ya bukatar doguwar gabatarwa.

Famfon sola yana koyar da abin da fitila ba ta koyarwa. Yawanci ba ya bukatar batir: rana ta fito ya ɗago ruwa, rana ta faɗi ya tsaya. Maimakon a ajiye wuta, ruwa ake ajiyewa a tanki. Ɗalibai za su ɗauki jarka mai lita 20 da agogo, su auna daƙiƙa nawa take cika da ƙarfe 9, da 12 da rabi, da 4, su zana abin da suka samu. Amma malami nagari zai ƙara wani awo. Mai injin fetur yana kashe injinsa domin mai yana da tsada. Mai sola ba abin da yake tsayar da shi. Ruwan ƙarƙashin ƙasa kuwa yana da iyaka, kuma tun da aka gina madatsar Jibiya a Najeriya wajen 1990, ruwan da Gulbi yake kawowa ya ragu. Igiya mai ƙulli a kowane mita, a zura ta rijiya sau ɗaya a wata a rubuta zurfin, ita ma kayan darasin sola ce.

Tibiri da makarantun da ke nesa da waya

Tibiri, mazaunin Sarkin Gobir, ba ta da nisa da Maraɗi, amma ƙauyukan da suke turo mata ɗalibai da yawansu ba su da layin wuta. Ga waɗannan yara, ƙaramar fitilar sola tana nufin awa biyu na bita bayan sallar isha'i. Su ne kuma za su koma gida hutu su tarar da farantin masallaci ko na ɗakin shan magani ya daina aiki.

A irin waɗannan makarantu dole horo ya tsananta maganar kariya. Bolt 12 ba ya girgiza mutum, shi ya sa ya dace da yara. Amma in ƙarfe ya haɗa kawunan batir biyu, waya tana yin ja cikin ƙiftawar ido. Azuzuwa da yawa kuwa rumfunan kara ne. A watan Nuwamba na 2021 gobara ta cinye irin waɗannan azuzuwa a wata makarantar firamare a Maraɗi, yara fiye da 20 suka rasu. Ba mu kawo wannan don mu ce lantarki ne ya jawo ta ba. Mun kawo shi ne don a tuna yadda kara yake ci. Ba a yin gwaji da batir cikin rumfar kara, a fili ake yi ko a ginin ƙasa ko na siminti. Na'urar da ke juya wutar batir zuwa bolt 220 tana iya kisa, malami kaɗai ne zai taɓa ta. Mataccen batir kuma ba abin wasa ba ne: ruwansa yana ƙona fata da ido, dalmarsa guba ce, irin gubar da ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010 ta hanyar ƙurar dutsen zinariya. Kada a fasa shi a gida, a mayar wa masu saye.

Wa zai horar da malaman?

Ba sai an je nesa ba. A cikin Maraɗi akwai Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, wadda take da sashen kimiyya da cibiyar fasaha inda ake karanta aikin lantarki. Akwai Lise Teknik Ɗan Kasawa, tsohuwar makarantar fasaha mai ɗakunan aiki. Akwai cibiyoyin koyon sana'a na kananan hukumomi, da ake kira CFM. A Yamai akwai babbar makarantar horon malaman sakandare ta jami'ar Abdu Mumuni, da hukumar ANERSOL da ta gaji aikin ONERSOL. Kada kuma a raina masu gyaran sola na kasuwa. Ƙwararre daga cikinsu ya ga lalacewa iri-iri da babu ita a littafi, kuma yini ɗaya tare da shi yana da amfani ga mai digiri.

Horo mai kyau yana da alamomi. Kowane malami yana haɗa tsarin da hannunsa daga farko har fitila ta kama, sannan mai horarwa ya ɓata wani abu a ɓoye, ya ce a nemo. Ana sa malami ya koyar da darasin a gaban ƴan uwansa, da Faransanci kamar yadda jarrabawa take so, da kuma Hausa, domin abin da bai iya faɗa da Hausa ba bai gama fahimtarsa ba. Ana koya masa raba babban aji rukuni-rukuni na yara shida ko bakwai, kowa da aikinsa, da lura kada maza su ƙwace filaya su bar ƴan mata da riƙon alƙalami. Ana horar da aƙalla malamai biyu a kowace makaranta, domin ana yi wa malamai canjin wurin aiki, kada ilimin ya hau mota ya tafi da mutum ɗaya. Bayan wata biyu ko uku kuma a dawo a ga abin da ya faru a aji.

Abin da za ku iya nema

Kowace makaranta tana da kwamitin kula da ita, wanda aka sani da COGES, da ƙungiyar iyaye. In kuna ciki, ko kuna zuwa taro, kuna da ikon tambaya. Idan wata ƙungiya ta ce za ta sa wa makaranta sola, ku nemi a yi aikin a gaban malamin fizik da ɗalibansa, a bar musu ma'auni da zanen yadda aka haɗa wayoyi. Ku tambayi wanda zai sayi sabon batir in na farko ya mutu, a kuma fara ajiye kuɗinsa tun ranar farko. Idan babu wata ƙungiya, kayan fara darasi ba su fi ƙarfin kwamiti ba: ƙaramin faranti ɗaya, regilater, ɗan batir, fitilu biyu, ma'auni biyu, waya da filaya da sukurdireba.

Ku nemi kuma a buɗe littafin awo da zai zauna kusa da batir. Kowane mako rukuni ɗaya na ɗalibai zai goge faranti, ya duba wayoyi, ya rubuta kwanan wata, da bolt na batir da safe kafin rana ta hau, da na yamma, da yanayin sama: garau, hazo ko hadari. Idan lambar safe ta fara sauka ƙasa da 12.1 mako bayan mako, a rage fitilu, a sanar da malami kafin batir ya mutu. Ku da kuke koyon karatu yanzu, layi huɗu ne da lambobi, kuna iya buɗe littafin ku karanta da kanku ranar taron iyaye.